Tocilar bindigar Yaya Sani

Mai tocila ya gaji da mu jiya a kasuwar Kurfi. Yayana Sani na raka, yana cikin 'yan sintirin ƙauyenmu, zai sayi wadda zai ɗaure da roba a jikin bindigarsa. Duk wadda aka miƙo sai ya kunna, ya kashe, ya ajiye.

Na ɗauko wata babba na ce, "Yaya, ga mai haske kamar fitilar mota."

Ya kunna. Ya danna zai kashe, ta rage haske. Ya sake dannawa, ta kama walƙiya.

Ya ce, "Ƙanena, wadda za ta ɗauke da dannawa ɗaya nake nema. Muddin tana ci, ɓarayin daji na ganinka. Irin wannan ce a bindigar abokina Lawal. Da muka je ɗauko gawarsa, tana nan cikin gero tana walƙiya."

Ya zaɓi wata 'yar ƙarama. Ni na riƙo ta a bayan babur har gida.

Ku da 'yan uwanku ke fita sintiri, don Allah ta yaya kuke iya barci?