Ɗan Farin Inna Yelwa

Malam Munzali ya yi shekara ashirin da shida yana rubutu a wata kotun shari'a, kuma abin da ya fi gani a can shi ne masu rabon gado da ba su san yawan kansu ba. Da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a zauren gidansa a Daura, ya mai da bin salsala sana'a. Bai rataya allo a ƙofa ba. Duk wanda zuri'arsu ta rikice, wani zai nuna masa hanya.

Zuri'a kuwa a ƙasar nan ba ta jin nauyin rikicewa. Mutum ya auri huɗu, ya saki biyu, ya cike gurbi. An ba goggo riƙon yaro, ta tsallaka iyakar Kongolam da shi. Gida ɗaya Mahdi biyar, kowanne sunan kaka ya ci. Malam zai hau babur da goro a aljihu ya bi su ƙauye-ƙauye, ya dawo ya zana komai a bayan tsohuwar kalanda, don ya ce takardar yanzu ba ta ɗaukar dangin Bahaushe. Maza ba ya ɓata lokaci a kansu. Ya ce namiji kakansa mai sarauta kawai yake tunawa, ko da babu shi. Tsofaffin mata yake nema.

Su ma da nasu halin, kuma a aikinsa na farko ya koya. Wata tsohuwa ta ƙirga masa 'ya'yanta shida, ya rubuta shida. Bayan sati biyu wani ƙaton ɗan tireda mai suna Kalilu ya cika masa ƙofar zaure, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce ya zo jin ranar da ya rasu ne, tunda ya duba takarda bai ga kansa ba. Ɗan fari ne. Uwarsa ta tsallake shi don kunya, yadda uwarta ta tsallake nata.

Daga ranar Malam ya kafa ƙa'ida: in tsohuwa ta gama ƙirga, a ƙara ɗaya. Ba ya tilasta mata faɗin suna. Shi yake faɗa da bakinsa, sannan ya zuba ido. In ta ce "Wane ne haka?" da sakakkiyar fuska, ba nata ba ne. In ta ja mayafi ta kau da kai, ko ta hau shi da faɗa, sai ya rubuta a gefe: an tabbatar.

Abin da bai taɓa gaya wa masu kawo aiki ba shi ne, shi ma ɗan fari ne. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. A bakin mahaifiyarsa, Inna Yelwa ta garin Babban Mutum, ya yi shekara sittin da uku yana "wancan" ko "mutumin Daura". Ya fi kowa sanin al'adar, har gaban alƙali ya sha bayaninta. Sanin bai rage masa komai ba. Yana so ya ji sunansa a bakinta sau ɗaya kafin ɗayansu ya tafi, kuma abin yana ci masa rai.

Da ƙanwarsa Zubaida ta bugo ta ce jikin Inna sai a hankali, bai tafi a matsayin ɗa ba, don ya san ɗa gaisuwa kawai zai samu. Ya naɗe kalanda, ya sayi goro, ya isa da hantsi. Ya zauna bakin ƙofar ɗakinta, ya cire murfin biro.

"Inna, aiki na zo yi. Salsalar gidan nan nake rubutawa. A ƙirga mini 'ya'ya."

Tana kishingiɗe ta fara lanƙwasa yatsu. Hussaini da ɗan'uwansa da bai zo da rai ba. Hadiyya. Mansur. Murja da ta rasu a Damagaram. Zubaida. Ba ta manta da wanda ya yi kwana uku a duniya ba, har unguwarzomar da ta karɓe shi ta ambata.

"Shi ke nan, Inna?"

"Shi ke nan abin da Allah ya ba ni."

Ya jira. Kaza ta shigo, ta duba su, ta fita. Sannan ya gyara murya, irin wadda yake yi wa tsofaffin mutane.

"An ce akwai wani wai shi Munzali."

Inna Yelwa ta ja mayafi har hanci, ta juya ta fuskanci bango.

"Kai, tashi ka ba ni wuri. Girma ya zo, kunya ba ta zo ba." Ta maida numfashi, sannan ta ɗaga murya. "Zubaida! Dama wa baƙon nan fura. Kada ki sa sukari, murɗa masa ciki yake yi tun yana goye."

Malam Munzali ya daɗe yana kallon kalandar, don layukan sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya goge ido da bakin hannun riga. Sannan ya rubuta sunansa a saman na Hussaini, ya ƙara a gefe: an tabbatar.