Yaya Haruna da gadar dutse, bayan shekara tara

Ƙwas, ƙwas, a kan turmi. Da wannan ƙarar abin ya fara. Ina tuƙa asida a madafa na ji ta, na leƙo, sai ga wata 'yar dabba mai launin ƙasa tsaye bisa turmin da na kife, ƙafafunta huɗu haɗe wuri guda. Wanda ya kawo ta gidan nan, yayana Haruna, yau shekara tara ke nan da rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa.

Direban tarakta ne a manyan gonakin dawa da ke kudu da Damazin, can gindin duwatsu. A wajenmu wanda ya dawo daga aikin kaka ba ya shiga gida hannu banza. Wani ya zo da zuma, wani da busasshen nama, wani kuma ya sayo wa yara ɗan dabbar daji su yi wasa da shi. Tsarabata a shekarar 'yar gadar dutse ce. Na ɗaure ta cikin awaki, ina ba ta madara da harawa, ina ganin na gama kyauta mata.

Ba mu san cewa dutse ne ke rage mata kofato ba. A rairayin tsakar gida kofaton ya yi ta tsawo har ya lanƙwashe, ta koma ja da gwiwa. Yaya ya sa ta a lori ya mai da ita inda aka kamo ta. Ya ɗora ta bisa dutse, ta kasa tsayuwa. Da hannunsa ya yanka ta, bai iya cin naman ba. A nan wani dattijo cikin mutanen dutsen ya gaya masa yadda ake samun 'ya'yan: sai an kashe uwar. Namijin kuwa ba ya barin wurin da matarsa ta faɗi, don haka shi ma ba ya wuyar kashewa.

Da ya dawo ya zauna bakin angarib, gadonmu na igiya, bai taɓa shayinsa ba. Ya ce, "Hajara, gida guda muka rushe don ki yi dariya."

Daga nan ya zama mutumin da ake gudu a majalisa. Ba ƙungiya gare shi ba, ba ofis. Bayan Juma'a zai tare masu shirin tafiya gonaki yana roƙonsu abu biyu: a daina sayen 'ya'yan, a kuma bar idon ruwan da ke bayan dutsen idan rani ya yi tsanani, don nan ne kawai dabbobin ke sha. Ana ce masa, "Ya zol, kai mutumin nan, gada ta zama surukarka ne?" Wasu suka laƙaba masa Limamin Gada. A walima idan aka ajiye naman daji sai ya janye hannu, mai gida ya ji haushi, ni da nake ƙanwarsa in sha gori a wajen mata. Bai fasa ba. Sannu a hankali mutanen ƙauyenmu suka bar wannan tsaraba, dattawan dutsen da maharba suka yi alkawarin ba tarko a bakin ruwan har damina ta sauka. Shekarar ƙarshe ya zo yana murna, wai ya ga uwa da ɗa a kan tsauni da hantsi. Da damina zazzaɓi ya kama shi, bai tashi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Tun da yaƙi ya zo gas ya ɓace, kowa ya koma gawayi, itacen kuwa daga gindin duwatsun nan ake sare shi. Ni ma da shi nake girki. Masu haƙar zinari sun kafa rumfuna kusa da idon ruwan. Dattawan da suka yi alkawarin, wasu sun mutu, wasu sun gudu. Tarkon yanzu da wayar birkin babur ake yin sa, ba ya ruɓewa, ba ya zaɓe. A ɗakunanmu kuma ga 'yan'uwa da suka baro Wad Madani da kayan jikinsu, ana raba kisra, gurasarmu ta dawa, ana duban idon yara. Ban san ko zai iya tsayawa gaban uban da 'ya'yansa suka kwana da yunwa ya ce masa bar ruwan ba. Na san dai zai je, kuma zai dawo ransa a ɓace.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne. Babu dutsen da ke ɗauke da sunansa. Akwai dai gidaje a nan da har yau ba a shigar da ɗan dabbar daji cikinsu, akwai kuma tukunyata. Ko hakan zai isa ya bar gada guda a kan tsaunin, Allah Shi Ya sani.

Makon jiya ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga wajen haƙa da nama a buhu. Uwarsa ta aiko mini da rabona, don ba ta mantawa da maƙwabci. Na ga ƙafar, na gane ta. Na mai da kwanon da godiya, muka ci kisrarmu da miyar kuɓewa tsurarta. Bayan la'asar jikata Safiya, wadda ba ta taɓa ganin Yaya ba sai a labarina, ta shigo daga gidan maƙwabtan bakinta da maiƙo. Ta tsaya bakin dardumata har na sallame.

"Habboba, na ci. Yunwa nike ji. In kina yi ma Kaka Haruna addu'a, kar ki faɗa mishi."