Maganin Hanci a Falon Anti Roba

'Yar ƙanena ba ta da sana'ar da za a faɗa a taro a ji daɗi. In an tambaye ni cewa nake yi, "Shinkafa take zuba wa 'ya'yan mutane su yi wasa." Sai a dube ni, a ɗauka tsufa ne ya fara taɓa min kai. Gaskiya ce kuwa. Yaran kuwa, Anti Roba suke ce mata, har sunan ya danne nata.

Da ɗinki take yi. Ido ya fara yi mata gardama, zare ya daina shiga allura, miji kuma ya rasu ya bar ta da ƙaton falo. Sai wata maƙwabciya ta fara ajiye mata ɗa in za ta aiki. Yaron kuka kamar an aiko shi, har ranar da ya tsoma hannu cikin robar shinkafar da take tsincewa, ya yi tsit. Daga nan ta samu hanya. Yau falon robobi ne jere a gindin bango: ta shinkafa da cokula da mazurari, ta yashin da ta wanke ta shanya, ta ruwa da soso, ta ƙyallayen da ɗinki ya bar mata. Ta wake kuwa tana saman kabad, ba ta saukowa sai ƙanana sun yi barci, manyan yaran kaɗai ke taɓa ta.

Ni ina ɗakin baya. Aikina sa ido da tsokana.

Cikin yaran akwai 'ya'yan wata nas su biyu. Babbar muna ce mata Likita, don duk wanda ta gani sai ta ɗora masa murfin kwalba a ƙirji ta ce ba shi da lafiya. Ƙanenta bai daɗe da fara tafiya ba, ga ciki a gaba, ni na sa masa Tulu, na kuma sanar da kowa cewa mijina ne. Ranar da nake ba ku labari da mura ya zo.

An ci abincin rana, ƙanana sun kwanta, robar wake ta sauko. Anti Roba ta shiga bayi da wani da ya ɓata wando. Sai ga Likita a gabana, hannu a baya, tana taku irin na manya.

"Kaka, na ba mijinki magani."

"Madalla, ya rage min wahala. Wane iri?"

"Na hanci. Ɗaya ya shiga, ɗayan ya ƙi."

Ban san ina da sauran gudu a ƙafa ba sai ranar. Muka tarar da Tulu zaune kan tabarma, ido duk barci, yana murza hanci. Anti Roba ta riƙe hannunsa, ta haska da fitilar waya. Ga wake can ciki, fari, ya toshe ƙofar dam.

Na zaro tsinke daga ɗankwalina.

"Gwaggo, mayar da shi," in ji Anti Roba.

"Ke, na ciro abin da ya fi wannan tun ba a haifi ubanki ba."

"Ubana ƙanenki ne, na san ciro-cironki. Mayar, don Allah."

Ta kira uwar. Ina jin muryar daga wayar, a tsaye kamar sanda: kada a sa komai, kada a zuba ruwa, a zaunar da shi. Wake in ya jiƙa kumbura yake yi. In kuma ya yi kuka ya ja hanci da ƙarfi, zai iya zarcewa hanyar numfashi. "Kada ya yi kuka, Anti. Ga ni nan."

To, ku gaya min yadda ake hana ɗan yaye mai mura kuka.

Leɓensa ya riga ya fara rawa. Anti Roba ta ɗauke shi cak, ta dasa shi tsakiyar robar shinkafa, abin da ba ta taɓa yarda wani ya yi ba. Ta ɗebo da mazurari tana tsiyaya masa a ƙafa, a hankali. "Ina ƙafar Tulu? Ta ɓata! Wa ya ɗauke?" Murya kamar ana biki, gumi kuwa na ɗiga daga haɓarta. Ya kalli shinkafar tana binne yatsunsa. Ya motsa babban ɗan yatsa, ya fito. Leɓen ya tsaya.

Sai Likita ta gane abin da ta yi, ta wage baki. Kuka a ɗakin yara kuwa ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Na fizgo ta, na kwanta a ƙasa, ni da gwiwar da ba ta lanƙwasawa.

"Taimake ni, Likita, bayana zai balle! Duba ni, amma ki bar min hancina."

Ta ɗora min murfin kwalba tana shessheƙa.

Daga inda nake kwance ina jin hancin yaron yana wani siririn fito. Waya ta yi ƙara: uwar ce, cunkoso ya riƙe ta, ta sauka, tana tahowa da ƙafa. Gefen hancin ya fara tasowa. Can fuskarsa ta yamutse, ya buɗe baki, ya ja iska, ya ƙara ja. Mazurarin hannun Anti Roba ya tsaya a sama. Ya yi atishawa. Majina ce kawai ta fito, ta ɗaya ƙofar. Anti Roba ta haska. Yana nan, bai gusa ba.

"Ina ɗaya ƙafar?" in ji ta.

Uwar ta faɗo ko sallama babu, da takalmi a ƙafa. Ta ɗauke shi, shinkafa na zuba daga wandonsa. Ta kwantar da shi a cinya, ta danne lafiyayyar ƙofar hancin da yatsa, ta ce, "Buɗe baki Mama ta sumbace ka." Ta haɗa bakinta da nasa ta hura. Babu komai. Ya tsandara ihu, ya fara jan hanci. Ba ta jira ba, ta sake hurawa da ƙarfi.

Waken ya fito fit, ya manne mata a kumatu, ya kumbura ya kusa ninka kansa.

Yaro ya ci gaba da ihu, ba wanda ya hana shi. Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Anti Roba ta fara, "Maman yara, wallahi ni ce na..." Uwar ta ɗaga mata hannu, ta juya ga 'yarta.

"Wa ya koya miki sa masa abu a hanci?"

"Ke. Ke kika ɗiga masa magani da safe."

Nas ta sauke yaron daga cinya. Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, ta fara dariya, dariyar ta koma hawaye. Anti Roba ta kinkimi robar waken ta fita da ita waje.

Na ce, "To, in kun gama, a zo a tashe ni. Mara lafiya ɗaya aka sallama."