Zaren Inuwa daga Tuluz

Mutanen Matameye sun fi sanin Muntaka da likitan dabbobi, dogon mutumin nan mai yawan shiru da ke bin rugage daga Kance har Yauri yana yi wa shanu allura. Kaɗan ne ke tuna cewa akwai lokacin da ya yi fiye da shekara mahaifinsa, Malam Lawwali ladan, bai ce masa uffan ba.

Malam Lawwali, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida, da a ce a lokacin akwai jarida a garin. Bai taɓa ɗaura agogo ba, bai kuma taɓa kiran salla da faɗar wani ba. In lokaci ya gabato sai ya fito filin masallaci, ya tuɓe takalmi, ya ba rana baya, ya dubi inda inuwar kansa ta tsaya, sannan ya taka ta ƙafa bayan ƙafa yana ƙirgawa. Tsawon kowane mutum ƙafa bakwai ne da ƙafarsa, haka ya koya wa Muntaka. Da sanyi inuwar tsakar rana a Matameye ba ta wuce ƙafa biyar, in ta kai sha biyu la'asar ta shiga. Da damina kuwa ba ta wuce ƙafa ɗaya, in ta kai takwas la'asar ta yi.

Da aka zo ɗibar yara zuwa lekol, wato makarantar boko, da ƙarfi aka tafi da Muntaka, don haka Malam bai ga laifinsa ba. Ya yi Damagaram, ya yi Yamai, ya yi Dakar, yana zuwa hutu ana cin tuwo tare. Abin da ya ɓata tsakaninsu shi ne bursi, wato tallafin karatu, da aka ba shi a 1953 don ya je Faransa ya karanci likitancin dabbobi, domin wannan karon ba wanda ya tilasta shi. Malam ya ce ƙasar da ba a kiran salla, shekara guda ta ishe ta raba mutum da salla. Ranar tafiya Muntaka ya durƙusa yana jiran a sa masa albarka. Tsohon ya ce masa ya sauka lafiya, irin yadda ake ce wa baƙon da ya kwana ɗaya, ya juya ya shige masallaci.

Da wannan ƙullin a zuciya ya hau kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, zuwa Kano, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya yi kwanaki a jirgin ruwa yana amai kamar zai fid da hanjinsa, har dai aka sauke shi a Bordo, ya ƙarasa Tuluz. Ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da kowa ke ce wa Madam, wadda ke gasa masa bulo ta naɗe a tsumma don ya ɗumama ƙafa. Ya ga shanu marasa tozo, masu hantsa kamar tulu. Ya ga burodi mai tsawon sanda. Ya yi abokai, ya yi dariya, kuma har ya tsufa yana cewa bai taɓa cin abu mai daɗin inabin kakarsa ta farko a can ba. Amma in gari ya waye bai ji sautin daka ba, sai kewa ta kama shi har ya rasa abin da ke masa daɗi.

Duk wata yakan zauna ya rubuta wa mahaifinsa waɗannan abubuwa da ajami. Wasiƙa goma sha huɗu ya aika, ko ɗaya ba a amsa ba. Yayarsa Maryama ce kawai ke aiko masa da labari, da rubutun mijinta mai suna Shekara, in ya je cin rani Kano. Ita ce ta gaya masa gaskiya: Baba yakan karɓi takardar, ya tura ta ƙarƙashin buzunsa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya buɗe.

Muntaka kuwa bai bar salla ba. Da agogo yake yin ta, tare da wasu ɗalibai 'yan Maroko. To amma ta yaya za ka nuna wa mutumin da ba ya karanta takardarka?

A sanyinsa na biyu, cikin Disamba, bayan an yi kwana tara ba a ga rana ba, sai ta leƙo daidai lokacin da ƙararrawar tsakar rana ke bugawa. Yana tsaye a tsakar gidan Madam ya ga inuwarsa ta miƙe har ta kusa taɓa bango. Bai san sanda ya tuɓe takalmi da safa ba. Ya taka daɓen nan mai sanyin ƙanƙara yana ƙirgawa, Madam na leƙensa ta taga tana zaton karatu ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ƙafa goma sha shida da rabi. Da lissafin Matameye, la'asar ta daɗe da shiga alhali ko azahar ba a yi ba.

A faɗi gaskiya, ya san dalili sarai, tun a Dakar aka koya musu. Abin da ya gane a ranar shi ne ya sami tambayar da tsohon nan ba zai iya kau da kai daga gare ta ba. Ya roƙi Madam zaren ɗinki, ya yanke daidai tsawon inuwar, ya yi ƙulli a daidai tsawon jikinsa. Ya aika wa Maryama, ya ce ta fara damƙa wa Baba zaren a hannu kafin takardar. Takardar ba labarin teku, ba na shanu. Cewa ya yi: "Baba, wannan zaren inuwata ce da tsakar rana, ƙullin kuwa tsawona ne. A watan nan ba ta sauka ƙasa da haka. Yaushe zan yi azahar?"

Abin da ya biyo baya daga bakin Maryama ya ji shi. Malam ya shimfiɗa zaren a filin masallaci, ya danne kowane baki da dutse. Dattawan unguwa suka taru suna dariya, wani ya ce inuwar raƙumi yaron ya auna, wani ya ce ƙarya ce farkon abin da ake koyarwa a can. Malam ya taka zaren sau biyu, sannan ya ce: "Ban san ƙasar ba, ban san irin ranarsu ba. Amma wanda ya bar salla ba ya tsayawa auna inuwa."

Amsa ta iso Tuluz cikin Maris, layi shida. Malam ya ce ya bar lissafin Matameye a Matameye, ya nemi mafi gajartar inuwa a ranar, in ta soma ƙaruwa azahar ta yi, in ta ƙaru da ƙafa bakwai la'asar ce. Ya kuma ce ya riƙa aiko da zare kowane wata. Muntaka ya juya takardar gaba da baya yana neman kalmar albarka, babu. Sai dai a samanta an rubuta "zuwa ga ɗana Muntaka". Ya zauna a matakala ya yi ta kuka, har Madam ta ɗauka rasuwa aka yi masa.

Shekara uku zare na tafiya, amsa na dawowa, duk a kan inuwa, yawanci ma gyara ne da faɗa. A shekarar ƙarshe amsoshin suka tsaya, Maryama kuma ta yi ta kewaye-kewaye.

Sai da ya dawo cikin daminar 1958 ya ga dalili. Idon Malam ya tafi. Wata takwas ke nan bai kira salla ba, wani ne ke kira. An yi, an yi ya bari a riƙa gaya masa lokaci, ya ce shi bai fara kira da faɗar wani ba, ba kuwa zai fara da tsufa ba. Muntaka ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa a taƙaice, ya tambayi hanya, suka zauna a zaure, mutane na shigowa barka da sauka suna fita. Albarkar dai ba ta fito ba, har Muntaka ya fara cire rai.

Can rana ta karkata, sai Malam ya ɗaga kai ya ce, "Muntaka, fita ka duba mana."

Ya fita filin, ya tuɓe takalmi, ya ba rana baya, ya taka.

"Takwas, Baba."

Malam bai sake tambaya ba, bai kuma sa wani ya ƙara dubawa ba. Ya dafa bango ya miƙe, ya lalubi hanya zuwa inda ya saba tsayawa, ya sa yatsu a kunne ya ɗaga murya da kiran la'asar. Muntaka na tsaye a tsakiyar fili, takalmansa a hannu, yana sauraron kiran.