Warin Bagaruwa a Kuben Takobi

Komai zai iya shige mini yanzu da tsufa ya zo, amma ranar da aka kawo takobin nan gidanmu a Kamarawa ba za ta taɓa fita raina ba. A shekarar da aka sallamo sojan da suka je yaƙin Boma ne, bayan an gama yankan gero. Maigidana yana cikin waɗanda aka ɗauka, shi da yayana na Tozai. Yayana ya dawo, maigidana bai dawo ba. Ba rundunarsu ɗaya ba, don haka Yaya bai san komai a kansa ba. Ina zaune da uwar mijina, wadda nake kira Inna, da ɗiyata da ta tashi ba ta san fuskar ubanta ba.

Wata ranar kasuwar garin Isa sai ga baƙo ya yi sallama, sanye da tsohuwar rigar soja. Ya ce tare suka yi yaƙi da maigidana. Ya faɗi sunansa daidai, ya faɗi na ubansa. Ya ce a gabansa ya cika a cikin daji, bayan ya ƙwace takobi daga hannun wani hafsan Japan, kuma wasiyyarsa ita ce a kai wa mahaifiyarsa takobin. Ya kwance wani tsumma, ya ajiye shi a kan tabarma. Dogo ne, ya ɗan lanƙwasa, ƙotarsa naɗe da igiya, kubensa rufe da fata. Ba mu taɓa ganin irinsa ba.

Maigidana ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma iya yin kukansa gaban mutane. Ta dai ɗauki takobin ta shiga ɗaki, ta ɗora shi a cinya kamar jinjiri. Dattawa suka yanke cewa gobe bayan azahar liman zai yi addu'a, ni kuma in shiga takaba. Ƙannen mijina har sun fara maganar gonar fadama. Aka sauki baƙon a zaure, aka yanka masa kaza, Inna ta ciro babbar rigar ɗanta ta ce a ba shi tukuicin riƙon amana.

Aka aika Tozai. Washegari Yaya ya iso da hantsi. Tun da ya dawo daga yaƙi ya zama marar magana, har wasu na cewa ya baro rabin hankalinsa can. Ya gaida mutane, ya yi wa Inna gaisuwa, sannan ya ce yana son ganin takobin. Inna ta fito da shi da kanta. Ni ina bayan zana, ina gani ta ɓula.

Bai yi gaggawar zarewa ba. Ya juya ƙotar a hannunsa, yana bin naɗin igiyar da ɗan yatsa kamar mai neman ƙaya. Ya ce a ba shi tsinke. Wani tsoho ya yi dariya ya ce, "Sojan Boma, sakace za ka yi da takobin?" Yaya ya karɓi tsinken. Ya soka tsinken nan da can tsakanin igiyar, bai sami abin da yake nema ba. Sai ya juya gindin ƙotar ya nuna wa liman inda aka fito da ƙarfen aka daddake shi ya baje.

Ya ce, "Malam, ka ga wanga? Haka maƙeranmu ke ɗaure ƙota. Na riƙa takubban Japan da hannuna, lokacin da suka aje makamai mu aka sa muka tara su. Na manyansu, wani ɗan turke na gora ke riƙe da ƙotar, in ka tura shi sai ƙotar ta zare. Ƙarƙashin igiyar kuma fatar kifi ce fara mai ƙurji. Na ƙanana ƙotar ƙarfe gare su, da ƙusa mai juyawa. Ban ga ko guda da aka daka ma gindi ba."

Baƙon ya ce, "Ai Japan na da yawa, ba duka ka gani ba."

Yaya ya ce, "Gaskiyarka, ba duka na gani ba." Ya zare takobin, ya karkata shi ga rana, ya daɗe yana duban bakin kaifin. Ya ce ƙarfen na Japan sumul yake kamar ruwan randa, wannan kuwa ga sawun guduma da na magagari. Daga nan sai ya yi abin da har yau nake gani a idona. Ya ɗaga kuben ya kai hancinsa, ya rufe ido. Ya miƙa wa wani maƙwabcinmu da ya yi sana'ar jimar fata a ƙuruciyarsa, ya ce, "Baba, shaƙa ka gaya muna."

Tsohon ya shaƙa sau ɗaya ya ce, "Bagaruwa ce. Wagga fatar akuyarmu ce, kuma jimar ba ta yi shekara ba."

Baƙon ya ce shi ma haka aka ba shi, ya ce zai kewaya. Ba mu sake ganinsa ba. Samari suka tashi za su bi shi, Yaya ya ce su bar shi, tunda ya bar rigar a zaure. Daga baya muka ji an yi wa wani gida haka a wajen Kurawa. Ashe a kasuwa mutumin yake tsintar sunayen waɗanda ba su dawo ba.

Na zaci Inna za ta yi murna. Ba ta yi ba. Ta dubi Yaya ta ce, "Jiya ina da abin da ya taɓa da hannunai. Yau ka bar ni hannu wofi." Yaya ya sunkuyar da kai. Ya zo bakin zana, ni kuma na kasa haƙuri na ce, "Yaya, ke nan shina raye?"

Ya ce, "Auta, ban ce ba. Takobin ƙarya ne, wanga na sani. Ko shina raye ko ya rasu, ban sani ba, kuma ba za ni gaya miki abin da ban sani ba. Amma kada ki shiga takaba bisa maganar wanda ya zo da ƙarya."

A lokacin na ji haushinsa. Kalma guda mai daɗi nake so, ya hana ni. Liman ya ce a dakata da addu'ar, a bar gona yadda take. Yaya ya taka har Isa ya roƙi hukuma a bincika labarin maigidana, ya koma ya sake komawa. Duk zuwan da zai yi gidanmu sai in dubi bakinsa, shi kuma sai ya girgiza kai kawai. Inna ta daina amsa gaisuwarsa da kyau, amma bai fasa zuwa ba.

Ana shirin shuka sai ga maigidana a kan jakin wani ɗan kasuwa, ya rame, yana jan ƙafa. Ciwo ne ya kwantar da shi a asibitin soja a Indiya har jiragen farko suka tafi suka bar shi. Bai taɓa ƙwace takobin kowa ba, kaya yake ɗauka a daji. Inna ba ta ce masa komai ba gaban mutane. Ta dai sa aka kai wa Yaya ƙwaryar fura har Tozai, kuma daga ranar take kiransa ɗana.

Da na shiga takaba a wancan lokacin, da kafin ya iso an raba gonar, wataƙila ma an ɗaura mini aure da wani. Maimakon haka mun zauna tare har muka ga jikoki. Yaya ya riga shi tafiya. Shi kuma maigidana bana ya rasu, a ɗakinsa, hannunsa cikin nawa, kuma ban daɗe da fita takabarsa ba. Wannan karon ba wanda ya kawo mini labari, ni na rufe masa ido.

Abin da na koya daga Yaya shi ne mutum ya duba abu da kyau, ya faɗi iyakar abin da ya sani, ya tsaya nan, ko da masu saurare za su ji haushinsa. Shekarun da na yi da mijina bayan yaƙi, wannan halin nasa ne ya ba ni su. Allah ya jiƙansu duka biyun.