Agogon Da Na Koya Wa Ƙarya

A lokacin ni direba ne mai ji da kansa, ina jigilar fasinja da buhunan shinkafa daga Gummi zuwa Anka a wata tsohuwar mota otomatik. Irin motar nan, idan man giya ya yi zafi fiye da kima, giyabos ƙonewa yake. Shi ya sa na sayo agogon auna zafin man na kai wa bakanikena. Ya ɗaura sansar agogon, wato abin da ke jin zafin man, a tiyon da ke fitar da mai daga giyabos zuwa lagireto, ya ce nan man ya fi zafi, nan agogon zai faɗa mini gaskiya.

Gaskiyar ce ta dame ni. Da na yi lodi sai allura ta doshi ja, fasinjan gaba ya zaro ido, dole in tsaya mota ta huce. A hanyarmu kuwa ba a tsayawa, saboda 'yan bindiga. A ayari muke tafiya, wanda aka bari a baya shi da Allahnsa. Sai na koma na matsa wa bakaniken ya mayar da sansar tiyon da mai ke dawowa bayan ya huce. Ya ce ba ruwansa, ya mayar. Tun daga ranar allura ta kwanta, ni ma hankalina ya kwanta.

Ranar da zan kai Inna asibiti a Anka, ƙafarta ta kumbura ba ta iya takawa, son zuciya bai bar ni na rage kaya ba. Mun wuce mararrabar Bukkuyum, rana na tsaka, na ji ƙaurin mai. Na taka totur, inji na ihu, mota ba ta gaba, allura kuwa ko motsi ba ta yi ba. Ayari ya ɓace mana. Fasinjoji suka diro suka shige gonar dawa, saura ni da Inna. Can sai ƙarar babura daga cikin daji. Wallahi na ɗauka 'yan bindigar ne. Na sunkuya in goya ta, ta ture hannuna, ta ce in gudu, ita ta gama nata, ni ke da ƙananan 'ya'ya. Ta ce idan na tsaya ba ta yafe mini nononta ba. Ban gudu ba, amma ba jarumta ba ce, tsoro ne ya sa na rasa inda zan nufa.

Allah ya sa manoma ne ke dawowa daga fadama. Su suka ƙarasa da Inna asibiti a kan babur.

'Yan'uwana direbobi, a ɗaura sansa inda mai ke fitowa da zafinsa. Idan allura ta hau, kayan ne suka yi yawa, a rage su tun daga tasha. Giyabos dai na sake wani. Abin da har yau ke hana ni sukuni shi ne na ji mahaifiyata da bakinta tana roƙona in bar ta a daji, kuma ni na kai ta wurin.