Baƙon Alkasum Ba Ya Komawa a Rame

Ni Muttaƙa tela, shekara talatin da ɗaya ke nan ina auna cikin mutanen da ban san su ba, kuma duk taubashina Alkasum ne ya jawo mini. Uwarshi ƙanwar ubana ce, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kanshi, kuma yau sai na faɗa.

Garinmu Tudun Jaje yana bayan Dogarawa, inda motar kasuwa ke sauke mutum ya ƙarasa da amalanken jaki. Duk baƙon da ya iso, ba a tambaya, zauren Alkasum ake nuna mishi. Wurin ubanshi ya gaji saukar baƙi. Gadon bai taka kara ya karya ba: tabarma huɗu, buta biyu, gona ɗaya da irin geronta, sai magana ɗaya da tsohon ya bar mishi, wai baƙo ba ya barin gidan nan a rame.

Wani ɗan kirki zai ɗauki wannan a matsayin nasiha ya wuce. Alkasum kuwa ya ce magana babu shaida iska ce. Sai ya ƙirƙiro dabara. Ranar da baƙo ya sauka, ya aiko a kira ni, wai a auna shi za a ɗinka mishi rigar kyauta. In zagaya cikin bawan Allah da metir, igiyar awon nan tamu ta teloli, in faɗi lamba, shi kuma ya rubuta da gawayi a bangon zaure. Ranar tafiya a sake kirana, wai gwajin riga. In lamba ta hau, a raka baƙo har bakin hanya da guzuri. In ba ta hau ba, to baƙo bai tashi tafiya ba.

Akwai wani mai allurar shanu da ya zo kwana biyu, ciwon ciki ya kama shi, ya ragu da santimita ɗaya. Alkasum ya ɓoye mishi takalma. Kwana tara mutumin nan yana shan fura da nono safe da yamma, har ofishinsu na Malbaza suka aiko a ji ko lafiya. Da ya tafi, hannu ɗaya yana riƙe da jaka, ɗayan yana riƙe da wandon da ya ƙi ɗauruwa.

Shi uban gayyar fa? Cikin Alkasum saba'in da ɗaya ne tun ranar da na ɗinka mishi rigar aure, har gobe bai motsa ba. Matarshi Delu takan ce a gidansu kowa na ƙiba ban da masu gidan. Tana faɗa tana kwashe tuwo, don ita ma ta daɗe da kamuwa da cutar, baki ne kawai.

Shekara biyar da suka wuce, Mushe Sadiƙu (haka muke kiran malamin boko, Mushe), daraktan lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ya ƙulla zumunci da wata lakwal ta ƙananan yara a Beljik. Aka riƙa musayar wasiƙu da zane. Yaran can suna zano gidaje masu hayaƙi a ka, namu suna zano awaki. Ana nan, cikin bazara, sai ga kwali daga gidan waya na Konni. A ciki akwai ɗan tsana na ƙyalle mai gashi ruwan ƙasa, kunnuwa kamar ƙosai, wai siffar wata dabbar dajinsu ce. Sunanshi Gasto. Ya zo da kaye guda, wato littafin rubutu, aka ce zai yi wata biyu tare da mu, yara su rubuta abin da ya yi kullum, a ɗauke shi hoto, sannan a maida shi.

Mushe ya ce zai ajiye shi cikin akwatin ƙarfe na lakwal, wurin alli. Labari ya kai kunnen Alkasum, sai ga shi ya taho yana jan takalmi.

"Mushe, abin nan yana da suna?"

"Yana da shi, Baba."

"Daga nesa ya zo?"

"Har teku ya ƙetare."

"Zai kwana?"

"Wata biyu. Amma Baba, abin wasan yara ne."

"Mai suna, ya zo daga nesa, zai kwana. To ni ban san wani abu da ake cewa baƙo ba in ba wannan ba. Akwatin alli kuma, in ubana ya ji a kabari sai ya juya."

Haka aka kai Gasto zaure aka shimfiɗa mishi sabuwar tabarma. Aka aiko a kira ni. Na ce ba ni zuwa, ni ba mahaukaci ba ne. Bayan la'asar na je. Cikin Gasto arba'in da biyu. Mushe ya buɗe kaye ya nuna mana shafin farko, ashe yaran Beljik sun yi mishi takardar tafiya ta wasa, sun manna hoto, sun rubuta tsawonshi da faɗin cikinshi, arba'in da biyu cif. Alkasum ya kalle ni, ya ce, "Ka gani ko, bawan banza? Har Turai an san da awo." Tun ranar ya fara girmama mutanen Beljik. Amma fa lissafin ya zama da hatsari, don yanzu lambar tana rubuce a ƙasar waje, duk abin da ya faru da cikin nan duniya za ta ji.

Na ɗinka wa Gasto 'yar riga da hula daga ragowar shadda. Kowace yamma Delu ta ajiye kwanon tuwo da miyar kuka a gabanshi. Yaran kalas, wato aji, waɗanda rubutun kaye ya zagayo kansu a ranar su zo, su zauna kewaye da shi, su cinye tas. Alkasum ya leƙo ya ga kwano a wanke, ya ce, "Alhamdulillahi, baƙon nan ba shi da kunyar ci."

Gasto ya ga duniya. Ya hau jaki, ya je rijiya, ya ga yadda ake ɗura albasa a buhu a Galmi. Ranar kasuwar Illela aka sa shi gaban mota kusa da direba, Alkasum na baya bisa buhunan wake. 'Yan mata suka riƙa goya shi da zani, wannan ta sauke, waccan ta ɗauka. Ni kaina, ban so in faɗa ba, ya yi yini guda a shagona bisa kan keke, kuma ya fi yawancin masu zuwa mini hira natsuwa.

Sati shida da zuwanshi, Delu ta lura duk inda aka bi da baƙon, kaji na biye suna tsattsaga ƙasa. Aka duba, ashe ɗinkin hammatarshi ya ɓalle don yawan goyo, wasu ƙananan ƙwayoyi farare kamar takin zamani suna zuba. Allah kaɗai ya san tun yaushe. Na zo na sa metir. Talatin da uku.

Ban taɓa ganin fuskar Alkasum haka ba. Ya zauna bakin zaure ya zuba wa bangon nan ido, lambobin shekara ashirin da shida a jere, kowace ta biyu ta fi ta farko. Na tausaya mishi ƙwarai, amma ban fasa dariya ba.

Mushe ya ce ba komai, zai rubuta musu bayani, yara ne za su fahimta. Alkasum ya ce, "Za su fahimci cewa ya zo gidana da arba'in da biyu ya koma da talatin da uku." Ni na ce abin ai mai sauƙi ne, ina da buhun ƙyallaye a shago, in cusa mishi in ɗinke, ko mai shi ba zai gane ba.

"Tsumma?" in ji shi. "Baƙona ya koma ƙasarsu da tsumma a ciki? In suka buɗe suka ga guntun wandon wani fa? Abin da gida ke ci shi baƙo ke tafiya da shi."

Ya nufi rumbu, sai ya tuna hatsin ya kai ƙasa, abin da ya saura duk tsakuwa da ƙaiƙayi, bazara ta cinye mai kyan. Ya wuce ɗakinshi ya sauko da tukunyar iri, geron nan na ubanshi da yake zaɓar manyan zangarniya duk kaka ya ɓoye cikin toka. Hadari kuwa ya fara haɗuwa gabas, shuka ba ta fi kwana goma ba.

Delu ta tare ƙofa. "Malam, wannan iri ne. Tiya uku gare mu, gonar tiya uku take ci."

"Baƙo ne."

"Ƙyalle ne."

"Ƙyallen da kike kai wa tuwo da man shanu?"

Ta kauce, ta koma madafa tana buga tukwane yadda har maƙwabta suka san an yi magana. Ni na riƙe mazurari, shi yana zubawa. Da muka kai arba'in da biyu na ce ya isa. Ya ce ramako ke nan, ba a fara ƙiba ba. Sai da tiya guda ta shige, hannuwa da ƙafafu suka cika, metir ya nuna arba'in da tara. Na buɗe rigar ta gefe, na ɗinke hammata da zare biyu. Kuɗin kwali a Konni ya ninka saboda nauyi, Mushe yana ta gunaguni. A damanar nan kusurwar gonar Alkasum ta arewa ta kusa zama fili. Ni na kai mishi tiya guda daga nawa, kuma kada ya ji daga bakinku cewa tausayi ne, surutun Delu na guje wa.

Sai bayan an gama yankan hatsi amsa ta zo. Mushe ya kawo ambulan ɗin wasiƙar zaure ya karanta mana da Hausa. Yara sun ce Gasto ya iso lafiya, ya yi ƙiba da santimita bakwai, kuma sun tambayi me muke ci haka. Alkasum ya tashi a natse ya ɗauki gawayi ya rubuta a bango. Sannan wasiƙar ta ci gaba. Wai a hutu wata yarinya ta manta Gasto a lambun gidansu, ruwa ya yi kwana biyu yana dukanshi, bayan 'yan kwanaki sai ga tsiro kore yana leƙowa ta hammata da bayan kunne. Ɗinkina ne ya saki, in ji Alkasum. Ƙarya ne, iri ne mai ƙarfi. Malamarsu ta farke shi, suka kwashe geron, kowane yaro ya shuka nashi a ɗan gwangwani.

Ga hoto. Gwangwani ashirin da huɗu jere a bakin taga, kowanne da sunan yaro, bayan gilashi kuma sama ta yi toka-toka babu rana. Geron ya yi cunkus, siriri, rawaya, ya langaɓe yana neman haske. Na yi zaton Alkasum zai yi murna har ya kira maroƙa. Sai ya kai hoton kusa da ido, ya ƙura mishi. Na ga idon ya kawo ruwa.

"Geron Baba ne," ya ce. "Ya rame."

Babu wanda ya yi dariya, har ni.

Ya sa Mushe ya ɗauko biro. Ya ce a gaishe su, a gaida malamarsu da iyayensu da Gasto. A ce musu su cire su bar uku-uku, su daina shayar da shi kamar shinkafa, su nemi kashin awaki in suna da awaki, su kai shi inda ya fi ko'ina ɗumi a gidan. "Ka rubuta musu, Mushe, wannan bai taɓa fita garinmu ba, bai san kowa a can ba. Mai suna ne, daga nesa ya je, kuma zai kwana. Yanzu su ne masu masauki."

Aka liƙe ambulan, Mushe ya tafi da shi Konni washegari. Da na koma shago wata mata ta kawo ɗinki, na lalubi wuyana, babu metir. Na birkice shagon nan kaf. Na koma zaure raina a ɓace, na tarar da Alkasum yana shimfiɗa wa wani sabon baƙo tabarma.

"Na sa musu a ambulan," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Da me kake so su auna shi?"